Farfesa Kwik-Kwik Ya Duba Motar Sista Rut

Duk wanda ya ce Tudun Wada ba ta haifi babban masani ba, to bai taɓa gilmawa ta gaban shagon Injiniya Dakta Sharfaddeen ba. Injiniya ne, don kuwa haka aka rubuta a allon shagon. Dakta ne kuma, don yana tsaye a kan mai fentin lokacin da ake rubutawa. A ƙarƙashin sunan an ƙara da jan fenti: Likitan Rimot na Arewa Baki Ɗaya. 'Yan acaɓan layin ba su da lokacin karanta dogon suna, sai suka taƙaita masa: Farfesa Kwik-Kwik, wato kukan da mota ke yi in ta ji rimot. Ya karɓi Farfesan hannu biyu. Sauran ya ce hassada ce.

Da can rewaya ne, mai gyaran wayoyin mota kamar kowa, yana kwanciya ƙarƙashin sitiyari yana fere waya da haƙori. Sai ɗaukaka ta zo. Ya ɗinka farar riga irin ta asibiti. Ya samo abin sauraren ƙirji na likitoci, wanda kunne ɗaya ya toshe. Ya sayi na'urar binciken mota mai magana da wani yare da har yau ba a gano na wace ƙasa ba ne. Abin da ya fi duka, ya sayo lasifika da makirfo marar waya, irin mai ɗan jan haske a gindi. Ya ce ilimi amana ne, bai halatta ya riƙa zuba shi a kunnen mutum ɗaya ba alhali unguwa guda na cikin duhu.

Ga kuma abin mamaki. Tun watan da ya fara wa'azin rimot, motocin layin suka shiga ciwo. Mutum zai faka, ya danna, mota ta ƙi kulluwa. Wani ya dawo daga kanti, ya danna, mota ta yi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Ba ni ke kiransu ba," in ji Farfesa cikin tawali'u, ta lasifika. "Allah ne ke turo su inda magani yake."

Maganin kuwa ɗaya ne. Mai mota ya buɗe da makullin ƙarfe, a zaga da ita bayan shago, wani fili mai katangar langa-langa da Farfesa ya raɗa wa suna Tiyata. Kafin ya shiga yakan kashe makirfo ya rataye a ƙusa, don sirrin aiki ba na bainar jama'a ba ne. Minti biyar sai a ji kwik-kwik daga ciki. Ya fito yana wanke hannu. Bai taɓa rasa majinyaci ba. Ko ɗaya.

Ranar Talata, sha biyu ta ɗan gota, Sista Rut ta faka 'yar jar motarta daidai bakin shagon. Ma'aikaciyar lafiya ce, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin baki. A kujerar baya akwai akwatin sanyi cike da allurar rigakafi, a ƙauyen Dutsen Abba kuma akwai iyaye mata da aka tara da jarirai suna jiranta. Ba gyara ya kawo ta ba. Shinkafa da wake za ta saya wurin Inna Hajo, mai abincin da ke ƙetaren titi. Ta danna rimot, mota ta ce kwik-kwik, ta tsallaka.

Inna Hajo na zuba mata yaji, Farfesa ya gama goge lasifika ya kunna makirfo.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Jama'ar Tudun Wada, an buɗe asibiti."

Sista Rut ta dawo da ledar abinci, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa, ta girgiza rimot ɗin, ta buga shi a tafin hannu. Mota ko gezau. Ɗan makullin ƙarfen da ake ɓoyewa a cikin rimot kuwa ya ɓata tun a hannun wanda ya sayar mata da motar. Gilasai duk a rufe, rana ta take tsakiyar kai.

Farfesa ya taho a hankali, kamar wanda ake ɗauka a hoto.

"Malam, don Allah taimaka," ta ce. "Allurar yara ce a ciki. In ƙanƙarar ta narke, tambarin jikin kwalaben zai yi duhu, sai zubarwa. Matan can kuma in sun watse, sai na yi wata ban sake tara su ba."

"Dakta," ya gyara mata. Sannan ya juya ga titi. "Jama'a, ga abokiyar aiki. Ita tana duba 'yan Adam, ni ina duba abin da ya fi ɗan Adam wuyar sha'ani. Ɗan Adam zai ce maka cikina ke ciwo. Mota ba ta faɗa!"

Tiyata dai ba ta yiwuwa. Mota a kulle, burkin hannu a ɗage, ba mai tura ta ko taku ɗaya. Ga 'yan acaɓa sun fara tsayawa, masu keke na leƙowa, har wasu ɗaliban jami'a na harabar Kongo sun ɗaga wayoyi. Farfesa bai taɓa samun taro irin wannan ba. Ya yanke shawarar yau za a yi aiki a fili, kowa ya ƙaru.

Ya fara da batir. Ya ɓare rimot da farcen babban yatsa, ya ciro ɗan batirin mai kama da kwabo, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido. "Akwai rai, amma ran ya tsufa." Ya sa sabo. Ya danna. Shiru.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Mun wanke batir daga zargi. Wannan shi ake kira ci gaba."

Ya umarci Sista ta kafa rimot a ƙarƙashin haɓa ta buɗe baki, wai ƙoƙon kai na ƙara wa saƙo ƙarfi. Ta yi, don ba ta da zaɓi. Mace mai shekara ashirin a aikin asibiti, tsaye a bakin titi baki buɗe tana kallon motarta. Shiru. Farfesa ya ce a gwada da kan da ya fi girma, ya gwada da nasa. Shiru ya ƙaru.

Sai ya sa abin sauraren ƙirji ya manna a murfin ƙofa. Sista ta dube shi ta ce, "Dakta, ka sa shi a baibai."

"A naku fannin ke nan," ya ce.

Aka fito da na'ura. Ita na'urar nan, a ƙarƙashin sitiyari ake jona ta, sitiyari kuwa yana ciki, mu muna waje. Wannan ba ya hana masani aiki. Ya manna ta a gilashi kamar mai nuna wa motar hoton 'yan uwanta. Na'ura ta yi ƙara, ta faɗi wata doguwar magana da yarenta. Farfesa ya kaɗa kai cikin jimami.

"Me ta ce?" in ji wani ɗan acaɓa.

"Ba kowace magana ake faɗa a gaban dangin mara lafiya ba."

Ya duba fiyus daga nesa, tun da fiyus na ciki. Ya duba batirin mota daga nesa, tun da bonet daga ciki ake buɗe shi. Duk ya same su da alamar tambaya. Sista ta kifa fuska a gilashin baya tana kare rana da hannu. Gumi ya fara tsattsafowa a jikin akwatin. Wayarta ta yi ƙara sau uku, ana gaya mata wasu matan sun fara saɓa goyo.

A nan ne ilimi ya yi wa Farfesa saukar gaske.

"Jama'a, ku saurara, yau za ku ji abin da ba a koyarwa a jami'a. Rimot raɗa yake yi wa mota. Raɗa! Mota tana da ɗan kunne a ciki da take ji da shi. To in wani mara tarbiyya ya cika iska da hayaniya, yaya za ta ji? Akwai mai yi wa motar nan ihu a kunne. Yana cikin layin nan. Kuma wallahi sai na tona shi!"

A yi wa mutum adalci: wannan magana gaskiya ce tsantsa, kuma bai taɓa faɗin wadda ta kai ta ba.

Ya nuna Malam Auwal mai faci, ya ce injin iskarsa ne. Malam Auwal ya kashe inji yana ƙunƙuni. Ya nuna rediyon Inna Hajo. Ta kashe, ta ce ai dama labarai sun ƙare. Ya sa mai cajin waya ya zare soket, mai aski ya kashe janareto, 'yan acaɓa suka kashe babura, ɗalibai suka kashe wayoyi ba da son ransu ba. Layin da ko ranar zaɓe bai taɓa yin tsit ba, ya yi tsit. Ba abin da ya rage a kunne sai ɗan jan hasken nan da ke gindin makirfo.

"Shiru!" in ji lasifika, har kwanon shago na amsawa. "Kowa ya yi shiru! Sista, danna!"

Ta danna. Mota ta ci gaba da zamanta.

Farfesa ya cire hula, ya riƙe a ƙirji. "Inna lillahi. Mun yi iya yinmu. Ƙwaƙwalwar motar ce ta shafe. Ta manta rimot, ta manta mai ita, ina jin ko sunanta ba ta sani ba. Irin wannan sai an yi odar sabuwar ƙwaƙwalwa daga waje. Mako uku, in jirgi bai yi latti ba."

Sista Rut ta ajiye ledar shinkafa a kan bonet. Ta taka wurin Malam Auwal ta ce, "Baba, ara mini sifanar taya, babbar."

"Sista, gilashin nan fa ba a samunsa nan kusa."

"Yaran ma ba a samunsu a kasuwa. Miƙo."

Ta dawo ta tsaya a gilashin da ya fi nisa da akwatin, sifana a hannun dama, rimot a hagu. Jama'a suka ja da baya. Farfesa ya fara bayanin cewa a kimiyyance wannan shi ake kira tiyatar gaggawa, kuma shi ya ba da izini. Ta ɗaga hannu.

Sai ladanin masallacin layin ya ɗauki kiran azahar.

Kowa ya san ƙa'ida. In ladan ya buɗe baki, mai kiɗa ya kashe, mai talla ya dakata, mai faɗa ya haɗiye sauran zaginsa. Farfesa, duk girman iliminsa, ɗan unguwa ne. Ya sa babban yatsa ya kashe makirfo, jan hasken ya mutu. Ita ma Sista, ko da yake coci take zuwa, a garin nan aka yanke mata cibiya. Ba za ta tarwatsa gilashi a tsakiyar kiran salla ba. Ta sauke sifana ta tsaya jira, tana cije leɓe. Babban yatsanta na hagu, da ya shafe awa guda yana aiki ɗaya, ya danna da kansa.

Kwik-kwik.

Ladan bai gama ba tukuna. Sista ta fizge ƙofa, ta buɗe akwati, ta ɗaga kwalba ɗaya a rana, ta ɗaga ta biyu. Tambarin na nan da haskensa. Ƙanƙara ta yi laushi amma ba ta sallama ba. Ta rufe, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Ladan na sauke murya, jan haske ya dawo.

"Allahu akbar! Kun gani da idonku! Maganin da na yi mata ta gilashi, dama sai ya ɗauki minti arba'in kafin ya ratsa jini. Wanda ya yi dariya ɗazu..."

"Sista," in ji Inna Hajo daga ƙetare, ludayi a hannu, "bar ƙofar a buɗe. Danna mu ji."

Ta danna. Shiru.

"Sharfaddeen, kashe abin nan."

Da wani ne da ya sha lacca, amma Inna Hajo ta goya shi yana yaro. Ya kashe.

Kwik-kwik.

"Kunna."

Shiru.

"Kashe."

Kwik-kwik.

'Yan acaɓa suka karɓe wasan. Kunna! Kashe! Kunna! Kashe! Sau shida aka yi, mota ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Malam Auwal ya zauna a kan taya yana share hawayen dariya, yana cewa a mayar masa da iskar da aka hana shi bugawa.

"Ni fa tun bara na lura," in ji Inna Hajo. "Da ya tafi masallaci sai motoci su samu lafiya. Na ɗauka albarkar sallarsa ce."

Sista ta mayar da sifana, ta ɗauki shinkafarta, ta tayar da mota. Ta sauke gilashin da ya tsallake rijiya, ta leƙo.

"Dakta, ka iya bincike. Ka ce akwai mai yi mata ihu a kunne, ka ce yana layin nan, ka rantse sai ka tona shi. Ka cika alkawari."

Ta isa Dutsen Abba kafin matan su gama watsewa, waɗanda suka kai bakin hanya ma aka kira su suka dawo. Yara suka sha allura, suka yi kukansu.

Farfesa bai rufe asibiti ba, manyan mutane ba sa rufewa. Kafin Juma'a mai fenti ya dawo, an ƙara layi a allo: Wanda Ya Fara Gano Cutar Hayaniyar Iska. Tiyata dai ta zama wurin shanya. Amma har gobe ana neman taimakonsa, kuma aikinsa bai taɓa ci kamar yanzu ba. Kowane direba da ya faka a layin, in ya dawo, yakan ɗaga rimot sama ya ɗaga murya cikin ladabi:

"Farfesa, a taimaka a yi mana shiru, za mu buɗe mota."