Takardar Ban-Ruwa ta Baba Mamman

Na manta abubuwa da dama a shekarun da na yi ina koyarwa, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauko shaida da kaina ya kayar da ni ba.

Malaman kwamfuta ne na Wurno, Rabah da Goronyo muka taru a wata makaranta a Wurno. Batu ɗaya ne: a daina koyar da Besik, tsohon yaren nan na rubuta manhaja, tunda masu shi sun daina kula da shi, sababbin na'urori ma ba su san da zamansa ba. In aka cire shi, ni aka cire. Shi kaɗai na iya, kuma duk zauren ni kaɗai na iya shi. (Mutum yakan gane ya tsufa ranar da ya yi barkwanci da yarensa, ya waiga ba mai taya shi dariya.)

Malama Hadiza ta miƙe, yarinyar da ni na nuna wa inda ake kunna kwamfuta.

"Malam, ba don shina da aibi anka bar shi ba. Rijiya ta, masu yasa sun tsufa. In ta rufta, wa za a kira?"

"Ni," na ce.

"Allah shi ja da rai. Amma kai ɗaya na."

Na gyara tsayuwa. Na ce kwaɗayin sabo ne kawai ke damun masu na'ura, kuma yare ba ya mutuwa muddin yana ciyar da wani. Sannan na fito da makamina. Shekara da shekaru, da Besik nake raba wa manoman albasa na fadamar Goronyo ranakun ban-ruwa. Duk farkon rani sai in buga takardar, in hau kabu-kabu in kai wa shugabansu, Baba Mamman. Ya karɓa da hannu biyu, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, sai la'asar nake tashi. (Tun da mai ɗakina ta rasu, yara suka watse birni, ba ni da wata ziyara da ta wuce wannan. Wannan kam ban faɗa wa taron ba.)

Tare da Baban na zo taron, ga shi zaune a baya da sabuwar hula.

"Baba, gaya musu. In babu takardata, mi zai samu albasarku?"

Ya dubi rufin ɗaki. Ya taɓa hula. Dattijo ne da ba ya ƙarya, ni kuma na tsayar da shi a bainar jama'a.

"Takarda dai tana da kyau, Malam. Ba ta yagewa. Iri muka ƙunshewa ciki."

"Iri?"

"Na albasa. Rabon ruwa ai cikin waya aka yi nai, rani ukku ke nan. Kowa murya shika turawa."

"To, don mi ba ku gaya min ba?"

"Munka ce in munka hwaɗi, mi za ya ƙara kawo ka?"

Da an yi dariya, da na samu sauƙi. Hadiza ta sunkuya tana jera takardun da suke a jere. Aka ce masu son a cire su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa a ƙarshe, don na gaji da zama ni kaɗai.

Darasin dai shi ne, kafin ka kira shaida, ka fara tambayar abin da ake yi da takardarka.

Bana ma da rani na je, da farar takarda ba rubutu. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta gaba da baya.

"Wagga ta hi, Malam. Ba tawada mai ɓata iri. Zauna a dama hura."