Ranar da Honorabul Gadu Ya Buɗe Baki

Shekarar da tafkin Dajin Marke ya ƙafe, jakuna sai sun yi tafiyar yini kafin su jiƙa maƙoshi. Giwayen fada ne suka datse rafin da ke cika tafkin daga sama don su ji daɗin wanka. Kowa ya sani, amma wa ya isa ya ce da babba bakinsa na wari?

Ana cikin haka aka yi shelar Sarki Zaki zai zo rangadi, kuma dabba ɗaya tak za ta yi magana a madadin talakawa. Gwaggo Tabawa, tsohuwar jaka mai riƙon jikoki uku, ta nufi gindin kanya inda Honorabul Gadu, mugun dawan nan, yake shan iska. Damina goma sha biyu ya yi a Majalisar Dawa kafin wani ɗan dila ya kayar da shi, ya dawo gida da tumbi da sunan Honorabul.

"Honorabul, kai ka san harshensu," in ji ta. "Ka ce a buɗe mana rafi. Autan jikokina ko kuka ya daina iyawa."

"Gwaggo, kin zo gidan magana. Ni da na zauna kujera ta uku daga hagun Shugaban Majalisa?"

"Me ka taɓa faɗa a can?"

"Haba Gwaggo. Majalisa ai iya zama ce."

Kwana uku ya yi yana bitar jawabinsa a gaban wani kututture, har shi kansa ƙwalla ta zo masa.

Ranar rangadi aka taru a fili. Kura, Ministar Ruwa, ta fara miƙewa.

"Ranka ya daɗe, ƙishirwar talaka ƙishirwarmu ce. Ba ma barci saboda ita. Mun kafa kwamiti mai ƙarfi, kuma za mu kafa wani ya sa masa ido."

Ta yi ta jan zance. Muryar ta yi wa Gadu daɗi, irin ta majalisa sak, har gyangyaɗi ya ɗauke shi.

"Sai dai kwamiti ba ya binciken ruwa alhali babu ruwan," in ji Kura. "Don haka ina gabatar da ƙudurin a ɗage maganar sai damina ta sauka."

Kalmar ƙuduri na shiga kunnen Gadu, ƙafafunsa suka miƙe da kansu. Aikin da suka sani ke nan.

"Na goyi baya!"

"Madalla," in ji Zaki. "Wakilin talakawa ya amince." Aka buga tambari, ayari ya wuce.

Gadu ya waiwaya. Jakuna ɗari suna kallonsa, ba wanda ya ko kaɗa kunne.

"Gwaggo, wallahi bakin ne ya riga ni."

"Hali zanen dutse, ɗan nan. Ashe abin da muka aike ka yi ke nan duk shekarun nan. Biyo ni."

Ta kai shi tsakiyar busasshen rafi, ta nuna yashi da kofato.

"Mun ga aikin bakinka. Saura haure."

"To ai sai an aza harsashi tukuna, a gayyato..."

"Haƙa."

Ya durƙusa. Ya yi ta tona har la'asar, bayansa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai yashin ya soma duhu, ruwa ya tsattsafo. Ya fito daga ramin, ya karkaɗe jiki, ya gyara murya, yana neman tudun da zai hau ya yi jawabi.

Ba wanda ya juyo. Jakunan da suka biyo su duk sun zuba ido cikin ramin, inda autan jikokin Gwaggo ya kafa baki yana sha.