Kumburin Kawu Tanko

Ba zan taɓa mantawa da kakar da na dawo gida daga karatu ba, kuma ko na so in manta, mutanen Runka ba za su bar ni ba.

Shekara goma sha ɗaya na yi a birnin Katsina a gaban malamai. Na yi fiƙihu, na yi nahawu, daga ƙarshe na ɗan leƙa littattafan ɗibbu, wato ilimin magani. Na ce na ɗan leƙa, a kula. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, ko gaisuwa aka yi mini sai na kusa cewa Allah ne masani kafin in amsa. Amma ina sauka garinmu Wagini, kafin in kwance kayan jaki, 'yan uwa sun baza labari wai na haddace cikin ɗan Adam tun daga maƙogwaro har dubura. (Wa ya aike su? Har yau ina tambaya.)

Gaskiya na san tsarin a takarda. Abinci ya bi maƙogwaro ya faɗa tumbi, tumbi ya dama shi, ya miƙa wa ƙaramin hanji, shi kuma ya miƙa wa babba. Sai dai ban taɓa ganin cikin mutum ba, ina zan gani? Mamaci wanka ake yi masa a kai shi makwancinsa. Don haka duk ranar kasuwa nakan tsuguna wurin mahauta ina kallon kayan cikin rago, ina gwadawa da abin da na karanta.

Ana cikin haka aka aiko daga Runka cewa Kawu Tanko ba lafiya. Wannan kawun nawa shi ne ya riƙa aika mini da gero duk shekarun karatuna. Wani kumburi ne ya fito masa a ƙasan mara, wajen matsematsi, ya hana shi ɗaukar dami, ga hatsi zube a gona.

Na isa da hantsi, na tarar da zaure cike: liman, maƙwabta, har da masu wucewa da suka ji an ce malamin birni ya zo. Kawu na jingine da bango. Ya sassauta mazagi ya ce, "Ɗan nan, zo ka duba."

To, jama'a, ku yi mini adalci. Ƙanin mahaifiyata ne. Da wane ido zan kalli wannan wuri, balle in sa hannu? Daga bakin ƙofa na saci kallo sau ɗaya, na mayar da kai ƙasa. Na ga abu kamar ƙwan agwagwa. Na auna a raina: kumburi ne, a rago kuwa ban taɓa ganin wani kayan ciki a wannan gurbi ba. Mutane na jira. A ranar, a karo na farko a rayuwata, na buɗe baki ban sa "wataƙila" ba.

"Maruru ne ya nuna ta ciki. A yi masa sakiya, mugunya ta fita."

Liman ya ce ma sha Allahu. Aka hura wuta, aka sa kibiyar sakiya a ciki, aka aika kiran wanzami.

Wanzamin, Baba Mantau, wani tsoho ne ɗan tsurut mai ido ɗaya. Daga baya na ji cewa ya yi shekaru yana bin mayaƙan Ruma in Maraɗawa sun kawo hari, shi ke ɗinke waɗanda mashi ya farke wa ciki. (Duk zauren nan sun sani. Babu wanda ya ga ya dace ya raɗa mini. Wannan ne har gobe yake ci mini rai.)

Ya ajiye zabira, ya dubi kibiyar da ta yi ja a wuta, ya durƙusa gaban Kawu ya sa hannu ba ko kunya.

"Tanko, yi tari."

Kawu ya yi. Abin ya ƙara bultsowa.

"In ka kwanta yakan koma?"

"Da yakan koma. Tun jiya ne ya ƙi."

Tsohon ya juyo. "Allah gafarta Malam, kai ka ce a soka?"

Na gyara rawani na ce, "Haka ya bayyana gare ni, Baba, bisa abin da ke cikin littafi."

"Littafin ya taɓa shi?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya kwantar da Kawu rigingine, ya sa aka tokare ƙugunsa da buhu, sannan ya yafuto ni. "Zo ka sa kunne."

Na ce a'a, Baba, kawuna ne.

"Au! Kunyar saurare kake ji, ba ka ji kunyar sa a huda shi ba? Tsuguna."

Kawu da kansa ya ce, cikin nishi, "Tsuguna, ɗan nan."

Haka na duƙa, da rawanina da babbar rigata, a gaban liman, na manna kunne a marar kawuna. Abin da na ji shi ne ƙugi, ƙululu, ƙululu, irin na cikin mai jin yunwa. Baba Mantau ya riƙa lallaɓa kumburin da yatsu a hankali yana turawa sama. Can sai ya yi ƙulut, ya shige. Kafin in ɗaga kai, Kawu ya saki wata doguwar iska wadda na tabbata an ji ta har bayan danga.

Zaure ya kece da dariya. Liman ya cusa haɓar rawani a baki, kafaɗunsa na rawa.

"Malam," in ji tsohon, "a birni maruru yana tusa?"

Sannan ya daina wasa. Ya ce hanji ne ya sami sako-sako a bangon ciki ya zurmo. Da kibiyar nan ta shiga, da ƙazanta ta watsu a ciki, kuma ya sha ganin masu irin wannan rauni, ba su cika kwana uku ba. Na ce, da 'yar muryata, ai a rago ban ga haka ba. Ya ce, "Rago da ƙafa huɗu yake tafiya. Ka taɓa ganin rago ya ɗauki dami a ka don wani ya yi karatu?"

Wannan ta fi tusar ciwo.

Ya naɗe tsumma ya danne wurin, ya ɗaure da ɗamarar saƙi. Ya hana Kawu ɗaukar nauyi, ya ce duk ranar da abin ya fito ya ƙi komawa, ga amai, ba iska ba bayan gida, a nemo shi da gudu. Hatsin Kawu kuwa ni na kwaso shi, dami talatin da huɗu, a wannan kan da ya sha nahawu.

Kawu ya ƙara shekaru masu yawa a duniya. Ni kuma yau shekara ashirin, in na shiga kasuwar Runka sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau me cikin ya ce?" Har waɗanda ba a haifa ba a lokacin! Laifin sau ɗaya ne fa, kuma ban ga wanda ya hana hura wutar ba a cikin mutanen zauren.

Yanzu duk wanda ya kawo mini ciwo, sai na taɓa, sai na tambaya, sai na saurara. Bayan nan in ce masa wataƙila, ya je wurin wanzami.