Ranar da Na Yi Hira da Bango

Ba zan taɓa mantawa ba, ko an tashe ni daga barci, da Larabar da na yi hira da bango a gaban mutane.

Tun da muka baro Ruma saboda 'yan bindiga muka dawo Batsari, hankalin ɗana Sale da ke Fatakwal bai kwanta ba. Sai ya aiko da kyamara aka kafa a tsakar gida, da wani akwati mai ƙaho biyu, wai shi rauta. Lawal mai gyaran waya ya yi yini biyu yana fama da shi. Ya ce, "Inna, na buɗe wa Sale ƙofa a cikin akwatin nan. Daga can zai gan ki, ya ji ki, ke ce dai ba za ki ji shi ba. Don Allah kar a taɓa."

Kar a taɓa! Ni da na yaye 'ya'ya tara.

Ran Laraba na gayyato ƙawayena su gaisa da jikokina. Da hantsi ina kakkaɓe akwatin, sai na ga wani ɗan rami a bayansa. Na ce to, nan zanzaro zai yi ɗaki. Na karyo tsinken tsintsiya na zura, na danna sosai, har fitilun suka yi ta ƙifta ido. (Ni na ɗauka godiya suke yi.)

Bayan azahar na ɗaura zanen saƙi, na fuskanci kyamara, na ɗauko labarin Ruma ta da. Gero ya fi mutum tsawo, shanu na gangarowa daga dutse, ƙasa na ƙamshin ruwan fari. Na lumshe ido ina ganin jikokina can bakin teku sun yi tagumi, inuwar tsamiyar ƙofar gidanmu ta rufe su. Har waƙar daka na rera. Hajiya Delu, wadda ba ta taɓa yarda na fi ta komai ba, ta gyara mayafi ta rusuna wa kyamara: "Sale, ina gajiya? Ya iyali?"

Na ce, "Yana amsawa, Delu."

Sai ga Lawal ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba, 'yan sintiri biyu a bayansa.

"Inna, lafiya? Tun hantsi Sale ba ya ganin komai, wayarki a kashe. Ya zaci 'yan bindiga sun shigo, har ya kama hanyar tasha!"

(Wayar tana cikin kwalla, don kar ƙura ta ɓata ta.)

Ya juya akwatin. Ga guntun tsinkena a maƙale.

"Wa ya soki nan? Aikin duk ya goge, ƙofar ta rufe."

Delu ta tafa hannu: "Ashe bango na rusuna wa! Yana amsawa kuwa?"

Lawal ya miƙo min wayarsa. Sale ne a kan layi, ni kuwa bakin nan da ya yini yana zuba ya kasa komai sai "Lafiya lau, ɗan nan."

Yanzu ko tsintsiya ba na wucewa da ita kusa da akwatin. In zanzaro na son ramin, na bar masa, ya yi aure a ciki ma.