Yadda Za Ka Aika wa Duk Gari Abin da Ka Riga Ka Goge

Ɗan'uwa mai ordinater, wato kwamfuta, matso kusa. In burinka shi ne ka ɓata ran mutumin da ya fi kowa ƙaunarka, a gaban jama'arsa, kuma ba tare da ka tashi daga kujera ba, to kakarka ta yanke saƙa. Hanyar nan tabbatacciya ce. An jarraba ta a Gidan Rumji ta ci, wanda ya jarraba kuma yana nan da ransa, sunansa Muttaka. Sawunsa za mu bi. Mu 'yan wannan sana'a ba ma rasa hanyoyin jawo wa kanmu kunya, ni kaina ina da nawa a ajiye, amma tasa ta fi ta kowa tsari.

1. Samo wanda ya yarda da kai

Kada ka ɓata lokacinka a kan baƙo. Baƙo in ka zage shi sai ya rama, magana ta mutu. Nemi wanda ya tsaya maka.

Muttaka ya yi dace a nan. Yana da kawu, Alhaji Shu'aibu, yayan mahaifiyarsa, shugaban wata ƙungiyar manoman wake ta wajen Gidan Sori. Da ƙungiya ta so a riƙa aika sanarwar taro ta salula maimakon tura mai babur ƙauye-ƙauye, 'yan kwamiti suka ce a ɗauko gwani daga Maraɗi. Kawu ya miƙe ya ce ina, ga ɗan ƙanwarsa nan ya gama lakol, karatun boko, yana zaune, shi zai yi, in ya ɓata a kama shi shi Shu'aibu. Ya yi ta magana har masu jayayya suka sallama, wasu don sun gamsu, wasu don yunwa.

Halin Kawu ke nan. Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe, amma in ya kama jawabi sai dai ladan ya raba. In ka ji ya ce "a taƙaice", gyara zama, yanzu ya fara.

2. Koyi Git, amma ka tsaya a rabi

Git shi ne abin da muke adana aiki da shi, don a san wa ya canza me. Akwai fishiye, wato takardar cikin ordinater da kake rubutu a kai. Ɗauke ta kamar wake baje a tabarma, kana tsinta kana ƙarawa. In ka buga git add, abin da ke tabarmar a wannan lokacin ne ya shiga buhu. In ka buga git commit da git push, buhun ne aka ɗora a amalanke ya tafi. Buhun fa, ba tabarmar ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ake so ka manta. Muttaka ya san ta sarai, ya ma taɓa koya wa wani ita yana kaɗa yatsa. Ilimin da ka koya wa wani kuwa ka fita hakkinsa, ba dole ka yi aiki da shi ba.

3. Rubuta abin dariya, don gwaji kawai

Ranar da abin zai faru, Kawu ya zo buron Muttaka tun da hantsi don ya faɗi abin da za a sa a sanarwar taron Laraba. Buron shago ne mai taga guda da fanka mai jiran wuta. Sanarwar ba ta wuce layi ba, amma Kawu ya faro ta daga shekarar da aka kafa ƙungiya, ya bi ta kan fari, ya ratsa ta kan tsutsar wake. Bai tafi ba sai da rana ta take.

Muttaka ya share gumi. Yana so ya gwada ko saƙo na isa salula, ga kansa cike da muryar Kawu, sai yatsunsa suka rubuta:

"Taro ranar Laraba. Kowa shi zo da tabarma da matashin kai. Mai awaki shi bar masu harawa isassa. Shugaba zai yi magana a taƙaice."

Ya aika wa lambarsa shi kaɗai. Salula ta yi ƙara, ya karanta, ya yi dariya har da buga tebur. Kai ma ka yi hakan. Gaya wa kanka ba mai gani, duk ƙwararru haka suke cewa.

4. Bar hannu ya yi abin da ya saba, sannan ka tuba

Saboda murnar gwaji ya yi kyau, Muttaka ya buga git add. Bai ma san ya buga ba, hannu ne ya saba, kamar mai korar ƙuda.

Sannan zuciyarsa ta dawo. Ya tuna wanda ya tsaya masa, kunya ta kama shi, ya ce astagfirullah. Ya goge layin kaf, ya rubuta na mutunci: Shugaba Alhaji Shu'aibu yana gaisuwa, yana gayyatar dukkan manoma taro ranar Laraba kan maganar ajiyar wake. Ya karanta, ya ga har da ladabi ya yi yawa, ya bar shi haka.

A nan ne gwaninta take. Kada ka sake buga git add. Ka tuba a tabarma, ka bar zunubin ɗaure a buhu.

5. Duba bambanci, ka karanta shi a juye

Kada wani ya ce maka Muttaka bai duba ba. Ya duba, wallahi, shi ya sa nake girmama shi. Ya buga git diff, wanda aikinsa shi ne ya nuna maka inda tabarma da buhu suka saɓa.

Layi biyu suka fito. Na sama ja, da alamar cirewa a gabansa: tabarma, matashin kai, awaki. Na ƙasa kore, da alamar ƙari: Shugaba yana gaisuwa.

Abin da Git ke faɗa a fili yake. Jan nan shi ne ke cikin buhu, shi zai tafi. Koren yana tabarma, ba a zuba shi ba tukuna. Da tabarma da buhu sun zama ɗaya, da ba abin da zai fito ko kaɗan.

Muttaka kuwa ya karanta yadda ransa ke so. Ja, ai an kashe shi ke nan. Kore, ai hanya ta buɗe. Ya ji daɗi har ya jingina da kujera. Akwai wani umarnin, git diff --staged, mai buɗe buhun ya nuna maka ainihin abin da ka ɗaure. Guje shi. Ya yi tsawo, ga zafi, kuma mai ilimi ba ya duba abu sau biyu kamar wanda bai yarda da kansa ba.

Ya buga git commit, ya ɗaga salula ta taga ya kamo rezo, wato sabis, ya buga git push.

6. Hana kowa leƙawa

Na'urar da ke watsa saƙon tana Maraɗi a hannun Rahina, wadda suka yi lakol tare. Ta kira ta ce aikin ya iso, ko ta buɗe ta karanta kafin ta saki? Muttaka ya ji abin ya sosa masa rai. Ya ce mata layi ɗaya ne, ya duba da idonsa, ba ya buƙatar mai gadi. Ta ce to, Allah ya ba da haƙuri, ta danna.

In abokin aikinka ya nemi ya taimake ka, ɗauki abin a matsayin raini. Wannan dabara ita kaɗai ta isa ta kai ka inda kake so, ko da ka yi kuskure a sauran.

7. Fita shan shayi, a gan ka

Aiki ya kammala, sai a je a karɓi yabo. Muttaka ya rataya jakar ordinater ya nufi teburin Mamman mai shayi a bakin tasha, yana tafiya a hankali don mutane su samu damar gaishe shi.

Ya tarar da cincirindo. Abin da ya manta shi ne yawancin manoman ba sa karanta boko. In saƙo ya shigo, sai su kai wa wanda ya iya, shi kuma ya karanta da ƙarfi. Mamman na tsaye da salular wani dattijo, yana karanta saƙon, ya kai wajen maganar awaki, mutane na riƙe ciki. Wani ya ce a maimaita, ya maimaita.

Muttaka ya ce ba haka ya rubuta ba. Ya buɗe ordinater a kan benci, ya nuna masu fishiye, ga gaisuwa, ga ladabi. Mamman ya leƙa, ya ce lalle wannan ya fi kyau, sai dai ba shi ya zo ba. Muttaka ya kira Rahina. Ta sa ya buga git diff, ja da kore suka sake fitowa yadda suke. Ta tambaye shi a hankali wanne ne a buhu. Ya sake kallon jan layin, sai a lokacin ya gane shi ne a buhu.

Za ka iya aika na gyara a bayansa, shi ma ya aika. Ba wanda ya kai wannan a karanta masa.

8. Halarci taron

Kada ka ɓuya. Muttaka ya so ya yi ciwon kai, mahaifiyarsa Kande ta ce ko a amalanke ne sai an kai shi.

Ƙungiya ba ta taɓa ganin taro irin wannan ba. Har waɗanda ba su noma wake sun zo. Tabarmi ko'ina a ƙarƙashin dalbejiya, wani marar kunya kuma ya zo da matashin kai na gaske ya ajiye a gabansa. 'Yan kwamitin da suka so gwanin Maraɗi suna gaba, sun yi zama irin na wanda magana ta faɗo masa daidai.

Kawu ya miƙe da babbar rigarsa. Ya yi sallama. Ya ce buhunan ajiyar wake sun iso, mai so ya je sito. Ya ce Allah ya sa mu ga girbi lafiya. Ya zauna.

Mutane suka jira. Bai ƙara ko kalma ba, yana kallon hannuwansa. Ba wanda ya yi dariya. Mai matashin kai ya ja abinsa a hankali ya tura bayansa. Muttaka ya yi shekaru yana fatan ranar da Kawu zai gajarta, ga ta ta zo, kuma bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan rana ba.

9. Je ka yi bayanin fasaha

Washegari bayan azahar ya tafi Gidan Sori a kabu-kabu, yana tsara hujja a hanya. Ya sami Kawu shi kaɗai a zaure. Ya durƙusa, ya gaida shi, ya shiga bayani. Ya kawo tabarma, ya kawo buhu, ya kawo ja da kore. Ya ce na'ura ce ta ɗauki tsohon ta bar sabon, shi kam ya goge, Allah shaida ne.

Kawu ya saurara har ƙarshe, abin da ba a saba gani ba.

"Ban tambaye ka wa ya aika ba," in ji shi. "Wa ya rubuta?"

Muttaka ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Kawu."

"To."

Muttaka ya ce a karɓe aikin a ba gwanin Maraɗi, ya cancanta. Kawu bai ko kula wannan ba. Ya tambaye shi ko ya zo da tabarmar da ya ce kowa ya zo da ita. Ya ce a'a. Kawu ya miƙa hannu bayansa ya jawo guda ya jefa masa.

"Zamna. Abin da na shirya masu jiya yana nan cikina, bai fita ba."

Ya faro daga shekarar da aka kafa ƙungiya. Ya bi ta kan fari, ya ratsa ta kan tsutsar wake. Ƙafar Muttaka ta mutu, bai motsa ba. Can tsakiya Kawu ya iso wani wuri da Muttaka bai taɓa ji ba. Ya ce jama'a, kun ga saƙon da ya shigo salularku ba mai babur ba ƙura? Ɗan ƙanwata ne ya yi shi. Wanda kuka ce ba zai iya ba. Tashi, Muttaka, su gan ka.

Ba kowa a zauren sai su biyu da wata kaza. Muttaka ya tashi tsaye, idonsa ya cika, ya rasa inda zai sa hannunsa. Kawu ya dube shi sama da ƙasa, ya yi masa alama ya koma ya zauna.

Ladan ya kira la'asar. Kawu ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ce, "To, a taƙaice."

Muttaka ya gyara zama.

Hattara

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. Bai san ka ba, bai ga ordinater ɗinka ba, in an kira shi shaida zai ce ba ya gari. Na yi alkawarin kunya, kuma za ka same ta cikakkiya. Tabarmar da aka jefo a ƙarshe kuwa ba ta cikin alkawarin, ta Alhaji Shu'aibu ce. In kawunka ba irinsa ba ne, buɗe buhun ka duba kafin amalanke ya tashi.