Masar ta Ƙetaren Gulbi

Wata Alhamis kwanakin baya, a layin mai na bakin hanyar Shinkafi, maƙwabcina Malami ya samu labarin ɗansa Imrana da ke karatu a Masar. Wanda ya kawo labarin ɗan kabu-kabu ne, kuma a iya sanina bai taɓa wuce Gusau ba.

Layin kun san shi. Tun safe ake tura babura ana tsayawa, mai gidan man yana ta rantsuwa cewa tanka na hanya, 'yan bumburutu kuma na zaune a ƙetaren titi da galan-galan ɗinsu suna kallonmu da tausayi. A irin wannan zama ne Malami ya saba buɗe hirar Masar. Ranar ma ya buɗe ta, yana yi wa Wakili mai awon hatsi bayanin faɗin Kogin Nilu, har Wakili ya gaji ya ce bari ya je ya sayo rake.

Ga wanda bai san Malami ba, tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a nan Ƙaura. A zamanin aikinsa, idan jirgi ba zai zo ba, shi kaɗai ke fitowa ya ce wa fasinjoji su koma gida, alhali sauran ma'aikata na cewa yanzu-yanzu. Da haka ya yi ritaya ba mota ba babbar gona. Abin da ya tara a duniya ɗaya ne, idan ya ce abu ya faru ba a zuwa tambayar wani. Shi ake kira shaida idan za a sayar da gona, shi ake kira idan iyaka ta rikice. To wannan bakin ne ya bi unguwa gida-gida yana cewa Imrana na Masar.

Ɗan kabu-kabun, Sha'aibu, dangin Iyatu ne, matar Malami, daga Ɗan Isa. Ya durƙusa ya gaida kawunsa, ya tambayi mutan gida, sannan ya ƙara da cewa Imrana dai lafiya lau yake, jiya ma tare suka sha fura.

Malami ya tambaye shi a ina.

"Ɗan Isa mana, Kawu. Makarantar firamare. Su da yawa na, suna shafa ma duwatsu farar ƙasa."

Malami ya yi dariya ya ce kama ce, Allah mai halitta. Sha'aibu ya ce to lallai kamar ta yi yawa, domin mai kamar yana sanye da baƙar kwat ɗin nan ta Kawu mai maɓallan ƙarfe. Kwat ɗin aikin jirgi ce, Malami da hannunsa ya sa ta a jakar yaron, saboda an ce masa ana sanyi a Masar.

Daidai nan Wakili ya dawo yana tauna rake, ya ce me ya faru a Ɗan Isa. Malami ya ce ba komai. Ni da nake bayansu na ga yadda kalmar ta fita da ƙyar, kamar an zare masa ƙaya. Ya fitar da babur ɗinsa daga layin da ya yi rabin yini yana tsaro, ya tsallaka wurin 'yan bumburutu, ya kama hanya.

Kafin ya isa, bari in tuna muku yadda aka faro. A farkon hutun jami'a aka kafa rumfuna aka ƙaddamar da abin da aka kira Shirin Karatun Ƙetare da Hidimar Jama'a. Shugaban kwamitin, wanda mu talakawa muke kira Rankaidaɗe Uban Tafiya saboda girmamawa, ya yi jawabi mai sa hawaye. Ya ce jiharmu sabuwa ce, tana bukatar matasan da suka ga duniya. Ya ce za a kwashi ɗalibanmu na jami'a a kai su Masar na ɗan lokaci, su ga yadda ake noman rani, su yi wa mutanen can hidima, su dawo su yi wa namu. Aka tafa. Aka zaɓi ɗalibai daga Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, aka ɗauke su hoton fasfo. 'Yan matan da aka zaɓa daga baya aka ce su yi haƙuri, tafiya ba muharrami ba ta halatta ba. Don kada kujerunsu su tafi a banza, sai aka ba iyalan Uban Tafiya, tunda su nasu muharramin na cikin jirgin. Wannan tsoron Allah ya burge mutane ƙwarai.

Malami ya yanka rago. Liman ya yi addu'a, Iyatu ta yi dambun nama da yaji, maƙwabta suka yi ta ba da sautu, wannan turare, wancan Alƙur'ani bugun Masar. Wakili ya ce shi maganin ciwon gwiwa yake so, na Larabawa.

Da Malami ya ƙetare gulbi ya shiga Ɗan Isa, tun daga nesa ya hango kwat ɗinsa a rataye a reshen dalbejiya. Mai ita kuwa na duƙe a bakin hanya da bokiti, shi da 'yan uwansa ɗalibai, suna shafa wa duwatsu farar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Imrana ya ɗago ya ga mahaifinsa, ya ajiye tsumman a hankali, ya zo ya durƙusa.

Labarin da ya bayar gajere ne. Motarsu ta tashi daga Ƙaura da nufin filin jirgi na Kano. Ba su yi nisa ba aka tsaya aka ce dala ta tashi, Masar ta koma Sudan. Aka sauke su a wani masauki suna jira, sai aka ce Sudan ma akwai matsalar biza, an koma Nijar, wani gari kusa da Maraɗi mai suna Ɗan Issa. Suka ce to, ko ba komai a can ana jin Faransanci. Da aka tashi tafiya sai direba ya ce man da aka ba shi ba zai kai iyaka ba, iyakarsa Ɗan Isa tamu ta gida. Sakataren kwamiti ya yanke hukunci cewa bambancin garuruwan biyu harafi ɗaya ne, kuma jiha sabuwa ba za ta ƙona mai a kan harafi ba.

"Baba, ni labarin ƙasa nike karantawa," in ji Imrana. "Tun da munka juya na gane."

Malami ya tambaye shi me ya hana shi aiko da saƙo, ga gidan kakarsa nan ko jifa ba ta kai ba. Yaron ya ce an gargaɗe su, duk wanda ya fita ko ya aika gida ba shi ba takardar shaida, kuma an ce da takardar za a riƙa ɗaukar aiki idan sun gama jami'a. Ya ce kuma ya tuna ragon.

Hidimar jama'a dai an yi ta, kada a zalunci kwamiti. Ban da duwatsu, an sa ɗaliban sun tara mutanen gari sun koya musu wanke hannu da sabulu, a gindin famfon da ya daina kawo ruwa tun kafin a ƙirƙiri jihar. Mutanen gari suka saurara da ladabi, suka yi godiya, suka aiko musu da fura.

Sakataren, Malam Mahmuda, na kishingiɗe a kan tabarma a inuwar aji, rediyo a kan cikinsa. Ya karɓi Malami da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Da Malami ya ce an yi musu ƙarya, sai ya tashi zaune ya ce a'uzu billahi, a daina kawo wannan kalma a jihar da ake Shari'a.

"Baba Malami, mi munka rubuta? Karatun ƙetare. Da kaz zo yanzu, ba ka ƙetare gulbi ba?"

Malami ya ce ya ƙetare.

"To alhamdu lillahi."

Wannan ita ce babbar nasarar da ba a yaba wa manyanmu a kanta. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a suka tuba da ƙarya baki ɗaya, suka koma fassara. Ɓarawon akuya na can yana rawar jiki gaban alƙali, amma wanda ya sace ƙasa sukutum, da kogunanta da dalarta, ya musanya ta da ƙauyen surukanka, shi ba sata ya yi ba, ma'anar kalma ya faɗaɗa.

Malami ya ce to Masar fa da aka ambata a rumfa, kowa ya ji. Malam Mahmuda ya ce ai an je. Rankaidaɗe na can yanzu haka da tawagarsa yana wakiltar ɗaliban, domin a mulkin farar hula komai ta hanyar wakilci ake yi. Ba kowa ke zuwa majalisa ba, amma an ce kowa na ciki. Duk abin da Rankaidaɗe ya gani, yaran ne suka gani.

Har Malami ya miƙe, sai Sakatare ya riƙo hannun rigarsa ya rage murya. Ya ce ranar Litinin za a yi bikin tarbar ɗalibai a Ƙaura, ana neman uba ɗaya da zai yi godiya a madadin iyaye, kuma kwamiti ya daɗe da sanin ba wanda ya fi shi cancanta. "In kai kac ce sun je, ba mai musu." Ya ƙara da cewa takardar Imrana ce za a fara miƙawa, idan komai ya tafi daidai.

Kwanakin da suka biyo baya Malami bai fito majalisa ba. Iyatu ta ce ya tashi ya yi godiyarsa ya zauna, ba shi ya ƙulla abin ba, kuma yaro ne zai sha wahala. Ya ce ya sani. Ta ce to me yake tunani. Ya ce yana tunanin ranar da za a kira shi shaidar gona, wani ya ce ai wannan shi ne mai Masar. Wakili kuwa kullum sai ya leƙo ya tambayi maganin gwiwarsa.

Litinin aka kafa rumfunan. Uban Tafiya ya iso, ya yi fresh ɗin da ba a samu a Ƙaura, da sabon tabarau da sabuwar sanda. Aka shigo da ɗalibai cikin motar da aka wanke, kowa sanye da jallabiya, kowa riƙe da ƙullin dabino da ni na san a wace rumfa ta kasuwar Shinkafi aka auno shi. Rankaidaɗe ya yi bayanin dalar Fir'auna da daɗin abincin otel, ya ce yaranmu sun fitar da mu kunya. Sannan aka kira wakilin iyaye.

Malami ya tsaya gaban lasifika, ya dubi Imrana. Yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago ya gyaɗa shi sau ɗaya.

Malami ya fara da godiya ga Allah, ya gode wa kwamiti. Ya ce shi shaida ne yaran nan sun ƙetare, domin da ƙafarsa ya bi su ya gano. Ya ce ƙasar da aka kai su ƙasa ce mai albarka, mutanenta na jin Hausa kamar a nan aka haife su, har ya tarar da surukarsa a can tana shanyar kuɓewa. Aka fara 'yar dariya daga baya. Ya ce abin da ya fi burge shi shi ne sauƙin tafiyar, ba fasfo ba biza, rabin galan na bumburutu ya kai shi ya dawo da shi, har ya samu la'asar a masallacin unguwa. Ya roƙi kwamiti, tunda Allah ya kawo Masar kusa haka, a taimaka a gyara mata famfo.

Wakili ya miƙe daga cikin taro da sandarsa. "Malami, nawa kabu-kabu ka kai mutum Masar ɗin ga? In tahi in amso maganina da kaina."

Daga nan ba a ƙara jin lasifika ba. Uban Tafiya ya tuna yana da wani taron, Malam Mahmuda ya raba takardu cikin sauri. Kowane ɗalibi ya samu tasa ban da Imrana, wanda aka ce tasa na Alƙahira ana sa mata hannu. Iyatu ba ta yi wa mijinta magana ba sai washegari. Imrana ya koma jami'a ba takarda, ya bar wa uwarsa dabinon. Malami kuma ya dawo majalisa, yana zama inda ya saba, ba ya hirar Kogin Nilu, ba kuma wanda ya ce masa mai Masar.

Kwamiti dai bai karaya ba. Na ji an shiga kashi na biyu na shirin, wanda a cikinsa ɗaliban ƙasashen waje ne za su zo su yi mana hidima. An ga Sakatare a Jangeru yana neman samarin da bakinsu ya ɗan karkata zuwa Faransanci. Jarrabawar ba wuya, duk wanda ya iya rusunawa ya kira Rankaidaɗe da Mushe, yadda mutanen Nijar ke kiran manyansu, an ɗauke shi. Ni ban ga laifin sunan ba, ko da an bar shi a fassararsa ta gida.