Kisan Tsanina Mai Mita Biyar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a cikin filasta, da gurbin haƙora biyu da har yau ba a gano inda suka faɗa ba, ni mai fenti nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar tsanina na katako, wanda aka kashe a tsakar gidana ranar Laraba da yamma. Ya rasu yana da shekara goma sha huɗu a duniya, da tsawon mita biyar cif, da matakai goma sha shida. Sara aka yi masa, kuma da wadda ta sare shi nake kwana ɗaki ɗaya.

Marigayin ya yi aiki a gidaje sun fi ɗari. Jikinsa duk tabon fenti ne, kowane launi na san gidan da ya samo shi. Bai taɓa ƙorafi ba, in ban da wani "ƙiii" da yake yi a mataki na bakwai, wanda na fahimci nasiha ce a kan tumbina.

Amma aikin da ya fi ɗaukaka shi malanta ce. Ni daga aji biyar na firamare na ajiye littafi na ɗauki buroshi. Da 'yata, wadda muke kira Injiniya, ta shiga sakandare, sai ta fara dawowa da irin lissafin nan mai zuwa da labari: wai wani mutum ya jingina tsani a bango, ƙafar tsanin mita uku daga bangon, a nemo x. Na kalli x, x ya kalle ni. Bakina ya kasa gaya wa yarinyar nan ubanta bai san shi ba. Sai na ce ta kawo tef ɗin awo, na fito da marigayi, na jingina shi yadda littafi ya faɗa, na hau na shata bango da alli, muka auna. Mita huɗu. Washegari ta dawo da goma bisa goma tana cewa, "Baba, ka fi malamarmu!"

Shekara uku ina cin wannan yabo, alhali na tsani ne. In littafi ya ce tsanin mita goma ne, sai mu raba komai biyu, mu auna, mu ninka. In tambayar inuwa ce, mu tsayar da shi a rana. In kuwa ta zo da motoci biyu da suka taso daga garuruwa biyu, ko x da y tsirara babu labari, sai in tuna ana jirana a wajen aiki, in sulale.

Ranar Laraba littafin ya ce a ja ƙafar tsani mita huɗu daga bango. Wanda ya rubuta wannan bai taɓa hawa tsani ba, Allah ya isa tsakanina da shi, domin a haka tsani a kishingiɗe yake. Ga shi an wanke simintin tsakar gida da sabulu, bai gama bushewa ba. Na gani, na kuma san abin da na gani. Amma yarinyar tana tsaye da tef a hannu tana jirana, sai na hau.

A mataki na bakwai ya yi "ƙiii". A na tara ya yi wani "gurrr" da ban taɓa ji daga gare shi ba, ƙafarsa ta zame baya kamar an harba shi. Kansa ya kankare bango tun daga sama, ya ragargaza gilashin tagar kicin, ya tsinke igiyar shanya. Na biyo shi ƙasa, baki ya riga ni isa. Haɓata ta daki katako, haƙorana suka kama gabansu, hannuna ya karye a ƙarƙashina da ƙarar da maƙwabcina mai walda ya rantse ya ji ta duk da kukan injinsa. Bokitin jan fenti ya kife a kaina, aka rasa gane inda fenti ya ƙare jini ya fara. Duk wannan da na yafe. Amma ƙafar marigayin da ta zame ta sami Injiniya a ƙwauri, ta tsaga shi har farin ƙashi ya leƙo, ta watsar da yarinyar kan famfo.

Har a lokacin marigayin yana da sauran rai, mataki ɗaya kawai ya karye. Uwar yarinyar ta fito daga kicin, ta ɗaure ƙafar 'yarta da ɗankwalinta, ta tura mai walda ya nemo mota. Ko kallona ba ta yi ba. Ta koma ciki ta fito da gatari. Ina kwance cikin fenti ina gani ta fara daga mataki na ɗaya, ta bi su bi da bi, tana sara tana cewa, "A nemo x! To ga x nan!" Katako yana tsalle har kan rufi. Marigayin ya yi "ƙas, ƙas", daga baya ya yi shiru, ita kuwa ba ta daina ba. Ko da mota ta iso babu guntun da ya kai kamu ɗaya. Ta nuna ni da gatarin ta ce, "Kai ma don kana uban 'ya'yana ne."

A asibiti aka yi wa Injiniya ɗinki tara, ban iya kallo ba. Da aka ajiye mu gado kusa da gado, kunya ta fi karayar ciwo. Na ce mata, "Ki yafe mini. Ubanki bai san x ba, bai taɓa saninsa ba. Tsanin ne ya iya."

Ta ce, "Baba, ai na sani tun ina aji ɗaya. Amsar tambayar yau uku ce, tun a makaranta na rubuta ta."

Na ce to me ya sa take kawo mini?

Ta ce, "In babu tsani a tambaya ba ka zama. Rabin tambayoyin ma ni nake ƙirƙiro su. Amma ta yau ta littafi ce."

Na juya fuska bango na yi kuka, ma'aikaciyar jinya ta zaci hannun ne ta ƙara mini allura.

Marigayin ya rasu ya bar tef ɗin awo, wanda ya lanƙwashe a hatsarin, da buroshi uku, da rabin alli, da bango mai shatin amsoshi arba'in da wani abu, wanda na hana a yi masa fenti. Ya bar kuma ɗalibi ɗaya ɗan shekara arba'in da bakwai da bai taɓa cin jarrabawa ba.

An tattara gawar a buhu biyu. Wadda ta yi kisan ta nemi a ba ta ta hura wuta, na roƙe ta ta haƙura. Za a binne shi ranar Asabar da hantsi a bayan gida, mai walda ne zai yi haƙa tunda hannuna ba ya ɗaguwa. Iyalai suna roƙon kada kowa ya kawo sabon tsani, domin gatarin yana nan bayan ƙofa. Masu zuwa ta'aziyya su zo kafin ƙarfe huɗu. Daga huɗu zuwa biyar ƙofa a rufe take, ina da darasi da fensir a hannun hagu, kuma malamar, mai ɗinki tara a ƙwauri, ba ta son a makara.